Agogon hannu: kayan aiki ne, ado ne, ko ma'ajiyar dukiya?

Ranar 7 ga Agustan 2025 harajin kashi 39 cikin 100 da gwamnatin Donald Trump ta ɗora wa kayayyakin Suwizalan ya fara aiki. Maƙeran agogo suna cikin waɗanda suka fi kokawa, domin Amurka ce babbar kasuwarsu. Kamfanin Swatch har ya fitar da wani agogo na zolaya da aka musanya wa lamba 3 da 9 gurbi yadda mai kallo zai karanta 39, ya sa masa kuɗi faran 139 (faran shi ne kuɗin Suwizalan). A farkon Nuwamba wasu manyan 'yan kasuwar ƙasar, ciki har da shugaban Rolex, suka je Fadar White House da tsarabar agogon tebur da sandar zinare. Tsakiyar watan aka sanar cewa ƙasashen biyu sun daidaita, harajin zai sauko zuwa kashi 15.

Wanda ya bi labarin zai iya tambaya: wane irin kaya ne wannan, a zamanin da duk mai waya yana da lokaci kyauta a aljihu? A 2024 kaɗai Suwizalan ta fitar da agogo na kusan faran biliyan 26 zuwa ƙasashen waje. Abin ya ƙara ɗaure kai idan aka ji cewa Casio F-91W, ɗan baƙin agogon robar nan da bai kai dala 30 ba, ya fi Rolex na dala 10,000 riƙe lokaci. Casio ya ce kuskuren nasa ba ya wuce daƙiƙa 30 a wata. Rolex ya ce nasa yana iya gaba ko baya da daƙiƙa 2 a rana, minti guda ke nan a wata. Babu wanda aka cuta tsakanin masu sayen biyu muddin kowa ya san abin da ya biya kuɗinsa. Asara tana shigowa ne idan mutum ya sayi agogon da aka ƙera don wata manufa alhali shi wata ce a ransa.

## Abin da ke cikin cikinsa

Sai an san inji kafin a gane farashi. Tsohon tsari shi ne agogo mai sifirin, wanda babu ruwansa da batir. Ana murza ɗan kan da ke gefe a ɗaure sifirin, shi kuma ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora, wata 'yar ƙafa mai lilo tana kai da komo tana yanka lokacin. A yawancin na yanzu tana bugawa sau 8 a daƙiƙa, shi ya sa allurar take tafiya kamar tana sulalewa. Wanda ake kira atomatik ɗan wannan gida ne, sai dai an sa masa wani ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da motsin hannu yana ɗaure sifirin da kansa. A ajiye shi kwana biyu ko uku a durowa, a tarar ya tsaya. Seiko 5 da Orient da iyaye suka ɗaura a shekarun 1970 da 1980 irinsa ne, haka ma Rolex da mafi yawan agogon Patek Philippe, wani kamfanin agogo masu tsada na Suwizalan, na yau.

Zafi da sanyi, faɗuwa, maganaɗisu, har da gefen da aka kwantar da shi da dare, duk suna taɓa tafiyarsa. Hukumar COSC mai gwajin agogo a Suwizalan tana ba da takardar shaida ga injin da bai yi baya da fiye da daƙiƙa 4 ko gaba da fiye da 6 a rana ba. A cikin daƙiƙa 86,400 na kwana guda wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce ga abin da babu lantarki a jikinsa, amma idan wata ya zagayo tana iya taruwa ta zama minti 3.

Agogon batir kuwa wata hanya ya bi. Batir yana tura lantarki cikin ɗan mitsitsin dutsen kwaz, dutsen ya riƙa karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, wani guntun lantarki ya ƙirga, ya motsa allura taku ɗaya ko ya sauya lamba a fuska. Sassan da ke motsi kaɗan ne, ƙerawa ba tsada, kuskure ƙalilan.

Tsakanin waɗannan biyu akwai rukunin da ya fi rikita mai saye, wato agogon kamfanonin tufafi da jaka. Na Michael Kors da na Emporio Armani, alal misali, kamfanin Fossil na Amurka ne ke yin su bisa yarjejeniyar amfani da suna. Abin da ke cikin yawancin irinsu injin batir ne na 'yan daloli daga masana'antun Japan ko Sin. Kuɗin na suna ne da fasali. Ba jabu ba ne, amma ba shi ne agogon da attajirai ke rububi a kai ba, ko da yake a kan hannu ƙyallinsu ɗaya.

## Daga hannun mata zuwa ramin yaƙi

Masu cewa asalin agogon hannu kayan aiki ne, daga baya aka mai da shi ado, sun juya tarihin. A ƙarni na 19 namiji mai mutunci a Turai agogon aljihu yake riƙewa da sarƙarsa. Na hannu awarwaron mata ne mai ɗan inji, irin wanda Patek Philippe ya yi wa wata basarakiya 'yar Hungari a 1868. A 1904 Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan Barazil, agogon da zai duba ba tare da ya saki abin tuƙi ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya gama aikin: ana tsara luguden manyan bindigogi da fitowar sojoji daga rami minti da minti, hafsan da hannayensa biyu ke cike kuwa ba shi da halin laluben aljihu. Da aka dawo daga yaƙi a 1918, agogon ya zauna a hannun maza.

Shekaru hamsin da suka biyo baya su ne zamanin da agogo ya ci kirarinsa na sarkin aiki. Rolex ya fitar da agogon da jikinsa ke hana ruwa shiga a 1926, sannan Submariner na masu nutso a 1953, wanda zoben fuskarsa ke nuna wa mutum tsawon zamansa a ƙarƙashin ruwa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada agogon Omega Speedmaster ta amince da shi a 1965, aka taka wata da shi a 1969, kuma a 1970 matuƙan kumbon Apollo 13 suka auna daƙiƙa 14 na kunna inji da shi lokacin da kumbonsu ya lalace. A wancan zamani tsada da iya aiki tare suke tafiya. Wanda ya ƙara kuɗi, lokaci mafi daidai ya saya.

## Shekarar da hanya ta rabu

Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron a Tokiyo, agogon kwaz na hannu na farko da ya shiga kasuwa. Kuɗinsa yen 450,000, kusan kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma farashin fasahar ya zube, Japan da Hon Kon suka cika duniya da agogon batir mai arha wanda ya fi mafi tsadar na Jeniba, birnin maƙeran agogo a Suwizalan, daidaito. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, da suke wajen 90,000 a 1970, suka koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe.

Ta hanya biyu masana'antar ta farfaɗo, kuma dukansu sun kauce wa gasar daidaito. Ta farko ita ce Swatch, agogon roba mai sassa 51 da ya fito a 1983, wanda Nicolas Hayek, haifaffen Beirut, ya gina babban kamfani a kansa. An tallata shi a matsayin abin da ake sauyawa da launin tufafi, mutum ya mallaki uku ko huɗu. Ta biyu ta fi tasiri: aka ɗauki raunin agogon sifirin aka mai da shi abin alfahari. Tun a 1972 kamfanin Audemars Piguet ya fitar da agogon Royal Oak na ƙarfe zalla a farashin da ya zarce na wasu agogon zinare, aka ga akwai masu saye. A farkon shekarun 1980 ɗan kasuwa Jean-Claude Biver ya farfaɗo da tsohon gidan agogo na Blancpain yana tinƙaho da cewa gidan bai taɓa yin agogon batir ba kuma ba zai yi ba. A 1996 Patek Philippe ya soma tallan da ke gaya wa mai saye cewa riƙon amana kawai yake yi wa 'ya'yansa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya yi alkawarin lokaci daidai.

Abin da ya sami doki ne ya sami agogon sifirin. Mota ta karɓe masa aikin tafiya, amma dokin hawan Sallah da sirdinsa da kayan ƙawarsa bai yi arha ba, kuma babu mai zuwa kallon Hawan Daushe yana tambayar kilomita nawa yake yi a awa.

Alƙaluman fitar da kaya sun nuna inda aka dosa. A 2000 Suwizalan ta fitar da agogo kusan miliyan 30 a kan kimanin faran biliyan 10. A 2024 adadin ya sauko zuwa wajen miliyan 15, kuɗin kuma ya ninka fiye da sau biyu, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin daga agogon da ya haura faran 3,000 a bakin masana'anta yake. Kasuwar agogon da bai kai wannan tsada ba kuwa wani ya kwashe: kamfanin bincike na Strategy Analytics ya ƙiyasta cewa a 2019 Apple ya sayar da agogo kusan miliyan 31, dukan Suwizalan miliyan 21.

Apple ɗin ma ya gwada haɗa aiki da ƙawa bai ji da daɗi ba. A 2015 ya fitar da agogonsa na zinare daga dala 10,000 zuwa 17,000. A 2018 sabuwar manhajar kamfanin ta daina hawa kansa, a 2023 aka sa shi cikin kayan da aka daina gyarawa. Na'ura mai manhaja tsufa take yi, shi kuwa agogon sifirin na 1960 ana iya buɗe shi a wanke a sa mai ya ci gaba.

## Hujjojin ɓangarori

Masu kallon agogo a matsayin kayan aiki hujjarsu gajera ce: aikinsa faɗin lokaci, duk kuɗin da ya wuce na wannan aiki kuɗin banza ne. Suna nuni da G-Shock na Casio, wanda ya fito a 1983, da yadda sojoji da masu aikin ƙarfi suka rungume shi, alhali Submariner na yau da wuya ya ga ruwan da ya wuce na wanke hannu. Masu nutso na gaske kwamfutar hannu suke ɗaurawa.

Masu sha'awar ƙira suna cewa an yi kuskuren ma'auni. Inji mai sassa ɗaruruwa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, an goge su an haɗa da hannu, sana'a ce da ta cancanci kuɗinta. Wannan gaskiya ce ga wani ɓangare na kasuwar. Sai dai ba ta bayyana komai ba, domin Grand Seiko na Japan da wasu ƙananan gidaje suna yin aikin da masana ke yabawa ƙwarai amma ba sa riƙe daraja a kasuwar kwance kamar Rolex, wanda masu nazari ke ƙiyasta yana ƙera sama da miliyan guda a shekara. Abin da Rolex ya fi su shi ne ana gane shi daga nesa.

Nan ne hujja ta uku take, wadda ba a cika faɗinta a fili ba: nuna isa ma aiki ne. Tun 1899 masanin tattalin arziki ɗan Amurka Thorstein Veblen ya bayyana cewa akwai kayan da tsadarsu ce amfaninsu, da za a karya farashin da masu saye sun watse. Ɗan kasuwar da zai zauna da wanda bai san shi ba yana neman a ba shi kaya bashi ya san ana karanta shadda da takalmi da abin da ke wuyan hannu kafin a saurari bakinsa. Mota tana waje, gida yana wani gari, agogo kuwa yana shiga ɗakin taro. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa samun wasu samfura a kantin wakili sai an shiga layi, wani lokaci sai an fara sayen abin da ba a so kafin a ba da wanda ake so. Raunin wannan hujja shi ne 'yan damfara ma sun san ta. Takardun kotun Amurka sun nuna cewa Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya sayi agogon Richard Mille na kusan dala 230,000 da kuɗin da aka yaudari wani ɗan kasuwa, kuma a 2022 aka yanke masa ɗaurin fiye da shekara 11.

Ta fuskar addini kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu suka suna kawo ayoyin Suratul Isra'i da suka hana almubazzaranci. Masu kariya suna kawo hadisin da ya ce Allah kyakkyawa ne yana son kyau, da wanda ya ce yana son ganin alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Malamai kan mai da hukuncin ga hali da niyya: wanda ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa ya saya daga yalwa daban yake da wanda ya ci bashi don a gani.

## A hannun mai riƙe da muƙami

Inda agogo ya fi jawo magana shi ne hannun jami'in gwamnati, saboda abu ne da kowa zai gani a hoto ya binciko kuɗinsa a intanet ya kwatanta da albashi. A 2012 masu amfani da intanet a Sin suka tattara hotunan wani jami'in lardin Shaanxi, Yang Dacai, da agogo iri-iri masu tsada, aka bincike shi, a 2013 aka ɗaure shi shekara 14 kan rashawa. A Maris ɗin 2024 'yan sandan Peru suka fasa ƙofar gidan shugabar ƙasa ta lokacin, Dina Boluarte, suna neman Rolex ɗin da ba ta bayyana cikin kadarorinta ba. Ita ta ce aro wani gwamna abokinta ya ba ta.

A Najeriya, a Satumban 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ado na kimanin dala miliyan 40 da hukumar EFCC ta ce ta ƙwace a gidan tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke. A jerin akwai agogon hannu 189. Ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba a 2021. Mutum hannu biyu gare shi, don haka adadi irin wannan ya wuce batun ado. Agogo ƙarami ne, yana ɗauke da kuɗi mai yawa, ana ratsa filin jirgi da shi a hannu, kuma bayar da shi kyauta ba ya barin sawu a banki. Kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa jami'ai bayyana kadarorinsu ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, ya kuma hana karɓar kyauta saboda aikin ofis. Lissafin da jama'a ke yi mai sauƙi ne: agogon dala 10,000, idan dala tana naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan, albashin kusan shekara 18 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

## Maganar cewa jari ne

Wannan ita ce da'awar da ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ke fitar da kuɗi daga hannun wanda ba attajiri ba.

Akwai gaskiya a gindinta. A Nuwamban 2019 aka sayar da Patek Philippe Grandmaster Chime na ƙarfe a wani gwanjon taimako a Jeniba kan faran miliyan 31. Daga 2020 zuwa farkon 2022, lokacin da korona ta zaunar da masu kuɗi a gida, ruwan bashi ya yi ƙasa, kuɗin kirifto ke tashi, farashin wasu samfura a kasuwar kwance ya yi tashin gwauron zabi. Patek Philippe Nautilus 5711 na ƙarfe, wanda kuɗinsa a kanti bai kai dala 40,000 ba, sai da ya haura 150,000 a hannun dillalai. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi, kasuwar agogon kwance ta bi shi, ta shafe fiye da shekara biyu tana sauka. Wanda ya saya a ƙololuwa ya tafka asara. Ko a lokacin tashin ma 'yan samfura ne na gidaje uku, Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet, suka ja kasuwar. Mafi yawan agogo, har masu suna, darajarsu tana raguwa daga ranar da suka bar kanti.

A Najeriya akwai abin da ke ɓoye wannan. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi agogon dala 10,000 kan naira miliyan 7 da rabi ya wayi gari ana ce masa ya kai miliyan 15, sai ya ɗauka agogon ne ya yi riba. Naira ce ta faɗi. Da dalar ya ajiye, da lissafin ɗaya ne. Da zinare ya saya, da ya fi haka, tunda shi ko a dala ma farashinsa ya tashi, oza ta haura dala 4,000 a Oktoban 2025. Kuma sayar da su ba ɗaya ba ne. Mace ta kai sarƙarta wurin mai zinare, a ɗora a sikeli, a cire ladan ƙira, ta karɓi kuɗinta a ranar. Mai agogo sai ya nemo wanda ya yarda na asali ne, ya kawo kwali da katin garanti, ya haƙura da ragin da dillali zai yi don ribarsa. Ga kuɗin kula: Rolex na ba da shawarar a kai agogo a wanke inji kusan duk shekara goma, aikin kuma na ɗaruruwan daloli ne.

Harajin Amurka bai shafi mai saye a Kano ko Yamai kai tsaye ba, tunda kan kayan da ke shiga Amurka aka ɗora shi. Abin da ke isowa nan shi ne ƙarin farashin da kamfanonin ke yi saboda tsadar zinare da ƙarfin faran, sai kuma canjin dala, wanda ya fi duka nauyi.

## Zinare da zakka

Hadisi ya haramta wa maza Musulmi sa zinare, ya halatta wa mata, kuma agogo bai fita daga hukuncin ba. Abin da wasu ba su lura da shi ba shi ne farin zinare ma zinare ne, an gauraya shi da wani ƙarfe ne ya yi fari, kuma mai lamba 18 kashi 75 cikin 100 nasa zinare ne zalla. Kan wanda aka yi wa ruwan zinare kawai malamai sun saɓa. Agogon ƙarfe da mutum ke ɗaurawa, komai tsadarsa, kayan amfani ne, babu zakka a kansa. Idan don sayarwa aka saye shi ya shiga hukuncin kayan kasuwanci. A mazhabar Malikiyya adon zinaren da mace ke sawa babu zakka a kansa, amma wanda aka ajiye a matsayin dukiya ana lissafa shi idan ya kai nisabi, kimanin giram 85. Saboda haka mai cewa agogonsa jari ne ya san kalmar tana da hukunci a bayanta.

## Mai saye na yau da kullum

Ga mafi yawan mutane zaɓin bai kai Jeniba ba, kuma agogo bai rasa aikinsa ba. Waya tana mutuwa idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, batirin F-91W kuwa yana kai wajen shekara 7. Ma'aikaciyar jinya mai ƙirga bugun jini tana buƙatar allurar daƙiƙa. Ladani da mai tashin sahur sun san amfanin agogon Al-Fajr da Al-Harameen, masu ƙara idan lokacin sallah ya yi, waɗanda alhazai suka daɗe suna kawowa tsaraba, sai dai idan ba a saita gari daidai ba lokacin wani wuri za su bayar. A ɗakin jarrabawar JAMB kuwa an hana shiga da agogo kowane iri, tunda mai sa ido ba zai iya tantance wanda ke faɗin lokaci kawai da wanda ke ɗauke da amsa ba. A lefe agogo yana nan inda ya faro, cikin saitin sarƙa da 'yan kunne, kuma babu mai tambayar daidaitonsa.

Rubutun da ke bayan agogo yana yaudara. Lamba 30M ba ta nufin a nutse da shi mita 30. Gwajin matsi ne na ɗakin gwaji, a aikace fantsamar alwala da yayyafi kawai yake ɗauka, iyo sai mai 100M. Maɗaurin fata ba ya jure ruwa sau biyar a rana ga gumin bazara, na ƙarfe ko roba ya fi daɗewa. Tambarin da ke cewa a Suwizalan aka yi shi, bisa dokar da ta fara aiki a Janairun 2017, yana nufin aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira a can aka kashe, ragowar sassan suna iya fitowa daga ko'ina.

Jabu kuma ya wuce yadda aka san shi. Da ana gane shi da rashin nauyi da allura mai tsalle. Yanzu akwai kwafi mai injin atomatik da kwali da kati, wanda sai an buɗe. A teburin mai gyara a bakin kasuwa ake rabuwa: ya shimfiɗa ƙyalle, ya maƙala gilashin ƙara girma a ido ɗaya, ya kama murfin baya da maɓuɗi ya murza. Idan ya ga ɗan ƙaramin inji a tsakiya, farar roba ta cike sauran gurbin, sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, jikin dai ya yi kyau." Ma'auni mafi sauƙi tun kafin a kai ga haka shi ne farashi, domin babu mai sayar da abin dala 10,000 kan naira 200,000.

Agogo mai haɗi da waya, daga na Apple da Samsung zuwa Oraimo da itel masu sauƙin kuɗi, shi ne ya gaji kujerar kayan aiki: yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana nuna saƙo. Yana son caji duk bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, kuma ba duk abin da ya nuna ne abin dogaro ba. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya daidaita maganinsa da lambar irin wannan agogo yana cikin haɗari.

Sauyin ya taɓa masu sana'a ma. Tsohon mai gyaran da ya koyi warware injin Seiko 5 ya wanke da fetur ya mayar, yau mafi yawan cinikinsa sauya batir ne da rage tsawon maɗauri, domin injin batir idan ya mutu cire shi ake yi a sa sabo. Agogo mai haɗi da waya kuma manne yake da gam, idan fuskarsa ta fashe ko batirinsa ya kumbura wurin masu gyaran waya ake kai shi, irin na Farm Centre a Kano, kuma sau da yawa kuɗin gyaran na masu arha yana kusa da kuɗin sabo.